BIG BEN: DUTSEN WUTA MAI RAWANIN ƘANƘARA A TSIBIRIN HEARD

Idan aka tambayi ɗan makaranta a ƙasar Ostireliya wane dutse ne ya fi kowane tsawo a ƙasarsu, nan da nan zai ce Kosciuszko, wanda tsawonsa ya kai mita 2,228. Amsar tasa daidai ce in babban yankin ƙasar kaɗai a ke nufi. Amma fa ƙasar tana da wani dutse da ya ɗara wannan da mita 517, wanda galibin mutanenta ba su taɓa sa shi a ido ba, ba kuwa za su gan shi ba har ƙarshen rayuwarsu. Sunansa Big Ben, yana tsaye ne a tsibirin Heard, can a kudancin Tekun Indiya inda jiragen kasuwanci ba su bi. Ƙololuwarsa, wadda a ke kira Mawson, ta kai mita 2,745 daga gaɓar teku. Domin mai karatu ya kwatanta, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Abin da ya sa wannan dutse ya fita daban shi ne abu biyu da ba su ga maciji da juna sun taru a jikinsa. Cikinsa wuta ce, gama dutse ne mai aman wuta wanda har yanzu bai mutu ba. Bayansa kuwa ƙanƙara ce tun daga ƙololuwa har kusa da bakin teku. Babu gari a tsibirin, babu ƙauye, babu ko mutum ɗaya da ke zaune a can. Shekara da shekaru nisa da mugun yanayi su ne garkuwar wannan wuri. Sai ga shi a 'yan shekarun nan masana sun auna sun ga garkuwar ba ta isa ba, domin ƙanƙarar dutsen tana narkewa, alhali kuwa waɗanda suka jawo haka suna dubban kilomita nesa da shi.

INDA TSIBIRIN YA KE

Tsibirin Heard yana kimanin kilomita 4,100 kudu maso yamma da birnin Perth na Ostireliya, kuma fiye da kilomita 1,500 arewa da nahiyar Antaktika, watau nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. In aka ɗebe 'yan ƙananan tsibiran McDonald da ke yamma da shi, maƙwabtansa mafi kusa su ne tsibiran Kerguelen na Faransa, su ma sai an yi tafiyar fiye da kilomita 400 a kan ruwa. Faɗin tsibirin murabba'in kilomita 368 ne, tsawonsa daga yamma zuwa gabas kimanin kilomita 40, kuma kusan dukkansa jikin dutsen nan ne. Wanda ya hango shi daga teku zai ga kamar an kife wata ƙatuwar farar ƙwarya a kan ruwa, da ɗan ƙaramin tsauni a gefen yamma, da wani dogon harshen rairayi a gefen gabas.

Babu tashar jiragen ruwa, babu filin saukar jirgin sama. Mai son zuwa sai ya nemi izni a rubuce daga hukumar Ostireliya mai kula da al'amuran Antaktika, sa'an nan ya yi kwana goma ko mako biyu a kan teku mafi haɗari a duniya. A wannan sashe na duniya iska tana tasowa daga yamma ta kewaye duniya baki ɗaya ba tare da wata babbar ƙasa ta tare ta ba, don haka ta kan tara igiyoyin ruwa masu tsayin gidan bene. In jirgi ya iso ma ba a gama ba, gama tilas ya tsaya a nesa, a shiga ƙaramin kwalekwale ko jirgin sama mai saukar ungulu kafin a taka ƙasa.

Sanyin bakin teku bai kai na Antaktika ba, domin ruwan teku yana rage masa kaifi. A lokacin zafinsu, watau daga Disamba zuwa Fabrairu, ma'auni ya kan tsaya wajen digiri 4 ko 5. A lokacin hunturu kuwa ya kan sauka wajen sifiri. Abin da ke wahalar da mutane shi ne laima da iska. A cikin kowane kwana huɗu, uku ana ruwan sama ko dusar ƙanƙara. An sha auna guguwa mai gudun fiye da kilomita 180 a sa'a guda. Gajimare kuwa kusan kullum yana lulluɓe da dutsen, har mutum ya yi makonni a gindinsa bai ga ƙololuwarsa ba.

WUTA A ƘARƘASHIN ƘANƘARA

Big Ben ya tsiro ne daga wani makeken tudu da ke ƙarƙashin teku, wanda a ke kira tudun Kerguelen. A ƙarƙashin wannan tudu akwai wurin da zafin cikin ƙasa ke tasowa ya narka duwatsu, narkakken dutsen ya ɓullo sama ya daskare, wani ya hau kan wani, har aka sami tsibiri. Saman dutsen wani fili ne mai faɗi wanda duwatsu suka kewaye kamar kofaton doki, ƙololuwar Mawson kuwa ta taso ne a gefen wannan fili, da bakin ramin wuta a kanta.

An rubuta labarin aman wutarsa tun shekarar 1881. An sake ganin haka a 1910, da farkon shekarun 1950, da 1985, da 1992. Daga shekarar 2000 zuwa yau taurarin ɗan'adam sun sha ɗauko hoton zafi a ƙololuwar, wani lokaci ma da tafkin narkakken dutse a cikin ramin. A farkon shekarar 2016 wani jirgin binciken kimiyya na Ostireliya mai suna Investigator ya yi sa'ar isa wurin ran da gajimare ya yaye, mutanen cikinsa suka ga hayaƙi yana tashi, narkakken dutse yana gangarowa a kan ƙanƙara. Irin wannan gani ba kasafai a kan same shi ba, domin sau da yawa dutsen ya kan yi amansa ya gama babu idon da ya shaida.

Ƙanƙarar kuwa ga yadda ta ke samuwa. Iska mai laima tana bugun dutsen ta hau sama ta yi sanyi, sai ta zubar da dusar ƙanƙara. Dusar bana ta danne ta bara, ta bara ta danne ta bara waccan, har nauyi ya matse ta ta zama ƙanƙara mai tauri. Idan ta yi kauri sai ta fara zamewa ƙasa a hankali, kamar kunu mai kauri a kan faifai. Wannan shi ne kogin ƙanƙara. Big Ben yana da irin waɗannan koguna masu yawa, sun bazu ta kowace fuska daga ƙololuwa kamar haƙarƙarin laima. Akwai Gotley, da Baudissin, da Brown, da Stephenson, da sauransu. Waɗansu sun kai har cikin teku, inda su ke ƙarewa da bangon ƙanƙara mai tsayi wanda ya kan tsage ya faɗa ruwa da ƙara kamar aradu. A bayansu kuwa akwai tsagogi masu zurfi da dusar ƙanƙara ke rufe bakinsu, matafiyi ya taka yana tsammani ƙasa ce.

MASU NEMAN MAI

Ran 25 ga watan Nuwamba na 1853 wani Ba'amurke, Kyaftin John Heard, yana tafe da jirginsa Oriental daga Boston zuwa Melbourne, ya bi ta can kudu domin ya rage hanya. Sai ya hango wani farin abu da ya zaci tsibirin ƙanƙara ne mai yawo a teku. Da ya duba sosai ya gane ƙasa ce. Matarsa Fidelia, wadda ke tare da shi, ita ce ta fara rubuta bayanin tsibirin ta kuma zana shi. Ba su sauka ba. Bayan 'yan makonni, cikin Janairun 1854, Kyaftin William McDonald ya gano ƙananan tsibiran da ke ɗauke da sunansa.

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen mafarautan teku na Amurka. A 1855 Kyaftin Erasmus Darwin Rogers ya sauka a tsibirin, ya tarar da bakin teku cike da wata dabba da za a iya kira giwar teku. Dabba ce mai shayarwa, siffarta ta yi kusa da ta ayu, tana kiwo a ruwa amma tana fitowa tudu ta haihu. Namijinta yana da hanci kamar guntun haure, nauyinsa kuwa ya kan kai tan uku ko fiye. A wancan zamani kafin kananzir ya wadata, kitsenta dukiya ne, gama da shi a ke yin man fitila da man shafa wa injuna.

Daga 1855 zuwa wajen 1880 jirage fiye da 40 suka yi ta zirga-zirga zuwa tsibirin, aka kwashi mai fiye da ganga 100,000. Akan ajiye ƙungiyoyin ma'aikata a bakin teku, jirgi ya tafi, su yi shekara ko fiye suna kisa suna soya kitse a manyan tukwanen ƙarfe. Da yawa daga cikinsu mutanen tsibiran Cape Verde ne na yammacin Afirka, waɗanda jiragen Amurka kan ɗauka a hanya. Ɗakunansu ramuka ne da aka haƙa aka rufe da katako da ciyawa. Da ya ke babu itace ko guda a tsibirin, da kitse da fatun tsuntsaye su ke hura wuta. Lokacin da jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya yada zango a 1874, ya tarar da mutum wajen 40. Masanan jirgin sun rubuta cewa akan ajiye waɗansu mutane a gaɓar da kwalekwale ba ya iya zuwa, aikinsu kawai su riƙa korar dabbobin da bulala su koma ruwa, domin su je su fito a inda za a iya kashe su.

A 1880 guguwa ta farfasa jirgin Trinity a gabashin tsibirin. Mutanensa fiye da 30 suka yi wata 15 suna rayuwa da naman dabbobin teku da wani ganye mai kama da kabeji wanda ke tsirowa a wurin, wanda ya tsare su daga ciwon da rashin ɗanyen abinci ke kawowa. Sai cikin Janairun 1882 jirgin yaƙin Amurka mai suna Marion ya zo ya kwashe su. Kafin wannan lokaci dabbobin sun yi ƙaranci har sana'ar ta daina biya. Har yanzu akwai tukwanen ƙarfe da ragowar ganguna da kaburbura a bakin teku.

SANSANIN ATLAS COVE

Ingila ta yi da'awar mallakar tsibirin a 1910. A 1929 Douglas Mawson, shahararren mai binciken Antaktika na Ostireliya, ya yi 'yan kwanaki a wurin, shi ne kuma daga baya aka sa wa ƙololuwar sunansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta miƙa tsibirin ga Ostireliya, aka ɗaga tutarta ran 26 ga Disamba na 1947, aka kafa sansanin bincike a wani lungu na yamma mai suna Atlas Cove. Mutum 14 ne suka fara yin shekara a wurin.

Tun ranar farko tsibirin ya nuna halinsa. Ayarin ya zo da wani ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa. Sau ɗaya tak ya tashi, ya kewaya dutsen aka ɗauki hotuna, bayan 'yan kwanaki guguwa ta tsinke igiyoyin da aka ɗaure shi da su ta ragargaza shi. A 1950 likitan sansanin da kansa ya kamu da ciwon da ke bukatar tiyata, sai da aka aika babban jirgin yaƙi daga Ostireliya ya ɗauko shi. A watan Mayun 1952 mutum uku suka fita za su ƙetare gindin kogin ƙanƙara na Baudissin. Igiyar ruwa ta fizge ɗaya daga bakin teku, na biyu sanyi ya kashe shi a kan ƙanƙara yana ƙoƙarin komawa neman taimako, na uku ne kaɗai ya tsira.

Duk da haka mutanen sansanin sun yi aikin da har yau a ke cin moriyarsa. Sun auna yanayi kowace rana, sun zana taswira, sun ƙirga dabbobi da tsuntsaye, sun ɗauki hoton inda kowane kogin ƙanƙara ya tsaya. A 1955 aka rufe sansanin, domin Ostireliya ta buɗe wani sabo a Antaktika kanta shekara guda kafin nan. Mutanen suka tafi ba tare da ɗayansu ya taka ƙololuwar dutsen da suka yi shekara bakwai suna kallo ba.

HAWAN DUTSEN

A farkon 1963 mutum uku suka ɗaura niyyar hawa, watau Grahame Budd, wanda likita ne da ya taɓa shugabantar sansanin, da Jon Stephenson masanin duwatsu, da Warwick Deacock tsohon hafsan sojan Ingila. Sun yi nisa sai guguwa ta rufe su. Dusar ƙanƙara ta binne tantinsu da abincinsu, suka haƙa rami a cikin ƙanƙara suka yi kwanaki a ciki, jiƙe sharkaf, ga yunwa. Da ƙyar suka gangaro bakin teku da ransu, sanyi ya ci yatsun waɗansunsu.

Wani da ya sha irin wannan wuya sai ya ce ya yafe. Deacock da Budd kuwa suka koma gida suka shiga neman kuɗi da jirgi. Suka sami wani ƙaramin jirgin kamun ƙaguwa mai filafilai, sunansa Patanela, tsawonsa mita 19 kacal. Wanda ya yarda ya tuƙa shi wani dattijo ne Baturen Ingila, H. W. Tilman, mai shekara 66 a lokacin. Tilman ba baƙon wahala ba ne. Ya hau dutsen Nanda Devi na Indiya a 1936, ya shugabanci masu neman hawan Everest a 1938, kafin nan kuma a 1933 ya ratsa Afirka a kan keke daga Uganda har gaɓar tekun Kamaru.

Mutum goma suka tashi daga Sydney a watan Nuwamba na 1964. Cikin Janairun 1965 suka iso. Da ya ke babu inda jirgi zai fake, sai aka sauke mutum biyar da kayansu a ƙaramin kwalekwalen roba a gefen kudu maso gabas, igiyar ruwa ta yi ta kifar da su kafin su kai tudu, har aka sa wa wannan gaɓa sunan da ke nufin gaɓar kifewa. Tilman ya juya da jirgin zuwa Kerguelen domin ya jira ranar da aka yi alkawari.

Mutanen nan biyar, watau Deacock, da Budd, da Colin Putt, da John Crick, da Philip Temple ɗan ƙasar New Zealand, suka shiga jigilar kaya sama, zango bayan zango, ɗaure da igiya ɗaya saboda tsagogin ƙanƙara. Darasin 1963 ya amfane su, gama sun san dutsen ba ya ba da rana mai kyau sai jefi-jefi, tilas mutum ya matso kusa ya zauna da guzuri yana jira. Ran 25 ga Janairu na 1965 suka sami sarari, suka taka ƙololuwar Mawson su biyar, shekara 111 da 'yan watanni bayan Kyaftin Heard ya fara hango ta. Ba su daɗe a sama ba suka juyo. Tilman ya dawo ya kwashe su, suka isa Sydney a watan Maris. Temple ya rubuta littafi a kan tafiyar, wanda aka buga a 1966.

Teku ba ta bar jarumawan wannan labari duka ba. A 1977 Tilman, yana da shekara 79, ya ɓace tare da jirgin da ya ke ciki a kudancin Tekun Atlantika. A 1988 ita ma Patanela ta ɓace da mutanenta kusa da Sydney. Dutsen kuwa sai a 1983 aka sake hawansa, sa'an nan a 2000 waɗansu sojojin Ostireliya suka hau na uku. Watau cikin shekara 35 sau uku kaɗai aka kai ƙololuwarsa, alhali ɗaruruwan mutane sun hau Everest wanda ya ninka shi tsawo fiye da sau uku.

MASU GIDA NA AINIHI

Da mutane suka janye, masu wurin suka dawo. Akwai tsuntsun fengwin iri huɗu da ke ƙyanƙyasa a tsibirin. Tsuntsu ne da ba ya tashi sama, yana tafiya a tsaye kamar mutum, fukafukansa kuwa da su ya ke iyo. Mafi girma a cikin huɗun, wanda a ke kira sarkin fengwin, mafarauta sun kusa ƙarar da shi, har mutanen 1947 ba su ga sai 'yan ƙalilan ba. A shekarun 1960 ya fara komowa, yanzu kuwa dubun dubata ne. Haka ma wata dabbar teku mai laushin gashi, 'yar'uwar giwar teku, ta dawo da yawa. Akwai kuma tsuntsaye biyu da ba a samun irinsu ko'ina sai a wannan yanki.

Tsirrai masu fure iri 12 ne kawai, babu bishiya, babu ko ƙaramin kurmi. Abin da ya fi ba masana sha'awa shi ne babu ɓera, babu kyanwa, babu zomo. Kusan duk sauran tsibiran wannan sashe jirage sun kai musu irin waɗannan dabbobi sun yi ɓarna a ƙwai da tsirrai, amma Heard ya tsira. Saboda wannan, da kuma aman wutar, hukumar UNESCO ta sa shi tare da tsibiran McDonald a jerin wuraren gadon duniya a 1997. A 2002 aka keɓe ruwan da ke kewaye da su. Mai zuwa tilas a wanke takalmansa a bincika aljihunsa, kada ƙwayar iri ko ƙwaro ya biyo shi.

ƘANƘARA TANA JA DA BAYA

Doka tana iya tsare ɓera a bakin jirgi, amma ba ta da iko a kan iska. A 2025 masanan Jami'ar Monash ta Ostireliya suka buga sakamakon wani bincike, inda suka gwada taswirar 1947 da hotunan taurarin ɗan'adam na baya. Suka tarar a 1947 ƙanƙara ta rufe kimanin murabba'in kilomita 289 na tsibirin, a 2019 kuwa saura kimanin 226. Watau an yi asarar wajen murabba'in kilomita 64, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a cikin shekara 72. Kogin ƙanƙara na Stephenson, wanda aka sa wa sunan ɗaya daga cikin mutanen 1963, ya ja da baya kusan kilomita 6. Inda a da a ke tafiya a kan ƙanƙara yanzu tafki ne wanda ya haɗu da teku.

Zafin da ya ƙaru a yankin bai cika digiri ɗaya ba. Mai karatu zai ce, wannan ɗan abu ne zai cinye ƙanƙara haka? Dalili shi ne yanayin gindin dutsen dama a kan iyaka ya ke, dab da inda ruwa ke daskarewa. In an ɗan ƙara kaɗan, abin da zai sauko a dusar ƙanƙara sai ya sauko a ruwan sama, maimakon ya ƙara wa kogin jiki sai ya zaizaye shi. Bugu da ƙari kogunan gajeru ne masu gangara, don haka su kan nuna canji cikin 'yan shekaru, ba kamar na Antaktika masu ɗaukar ƙarni ba. Gefen gabas ya fi shan wuya, domin iskar da ta haye dutsen ta kan sauko can a bushe da ɗumi. Masanan sun danganta galibin wannan asara ga ɗumamar duniya, wadda hayaƙin gawayi da man fetur da gas ke jawowa. Ga shi kuwa a tsibirin babu masana'anta, babu mota, babu ko murhu ɗaya da ke ci.

Tun da daɗewa masana suka gane wurin nan ma'auni ne. A Janairun 1991 wani ayari a ƙarƙashin Walter Munk, masanin teku na Amurka, ya saki ƙara mai ƙarfi a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin. Bayan kimanin sa'a uku na'urori suka ji ta a Bermuda da kuma gaɓar yammacin Amurka. Manufar ita ce a gwada ko za a iya auna ɗumin teku da sauti, da ya ke sauti ya fi gudu a ruwa mai ɗumi. An zaɓi Heard ne domin daga nan hanyar ruwa a buɗe ta ke zuwa manyan tekunan duniya. Hanyar da sauti ya bi ya fita, ta nan abubuwa ke shigowa. Robobi da tsummokaran tarun kamun kifi suna tsintar kansu a gaɓar da ba a taɓa sayar da ko allura ba. A Oktoban 2025, da jirgin Nuyina ya kai masanan gwamnati bayan kimanin shekara 20 rabonsu da babban aiki a wurin, suka tarar da gawarwakin giwayen teku fiye da kima. A watan Nuwamba gwaji ya tabbatar da cewa murar tsuntsaye ce, wadda ta ratso nahiyoyi har ta iso.

A watan Afrilun 2025 sunan tsibirin ya shiga jaridun duniya ta hanyar ban dariya, sa'ad da gwamnatin Amurka ta sa shi a jerin ƙasashen da ta ɗora wa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan da su ke sayar mata. Mutane suka yi ta raha cewa an sa wa tsuntsaye haraji. Bayan 'yan kwanaki aka manta. Labarin ƙanƙarar, wanda ya fito cikin wannan shekara, bai sami rabin wannan kulawa ba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙanƙarar Big Ben kaɗai ba za ta cika teku ba, gama 'yar kaɗan ce in an gwada da ta Antaktika. Amfaninta shi ne shaida. Wuri ne da ba a noma, ba a kiwo, ba a sare itace, don haka babu wanda zai ce mazauna ne suka ɓata shi. Abin da ya same shi daga nesa ya zo, kuma iskar da ta kai masa ita ce ta ke kaɗawa a kan kowace ƙasa. Mutanen 1947 da suka tsaya cikin sanyi suna zana inda ƙanƙara ta ƙare ba su san za a zo a yi shari'a da taswirarsu ba. Wanda ya riƙe wannan taswira ya sauka a gabashin tsibirin yau, ya ce zai bi ta zuwa gindin kogin Stephenson, sai ya nemi kwalekwale.